Me Ya Raba Beatles Cikin Shekara Goma, Rolling Stones Kuma Suka Haura Sittin?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Kaduna, mu huɗu ne da abokaina muka haɗa ƙungiyar kiɗa, muna wasa a bukukuwan makaranta da na unguwa. Kwanan nan na fara bin tarihin manyan ƙungiyoyin kiɗan rok na Turai, sai wani abu ya ɗaure mini kai: Beatles da ake cewa ba a taɓa yin irinsu ba, shekara goma kacal suka yi suka watse, su kuwa Rolling Stones da suka taso lokaci guda da su har yau suna nan. Mene ne ya kawo wannan bambanci? Da gaske ne matar John Lennon ce ta raba su? Kuma akwai abin da irinmu ya kamata mu kiyaye tun yanzu?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, kana son sanin abin da ke riƙe ƙungiyar makaɗa da abin da ke wargaza ta, ka kuma ɗauki ƙungiyoyi biyu da suka fi kowa suna a matsayin ma'auni. Na daɗe ina gabatar da shirin tarihin kiɗa a rediyo, kuma na sha zama da matasa masu ƙungiya irin taku lokacin da rigima ta taso a tsakaninsu. Abin da na gani a wurare biyun iri ɗaya ne. In ka cire mutuwa, yawancin ƙungiyoyin da suka watse sun watse ne a kan tambayoyi uku da ba su amsa da wuri ba: waƙar ta wace ce, wa yake riƙe da kuɗi, kuma maganar wa ake bi idan an saɓa. Beatles sun kai ƙarshensu ba su warware ko ɗaya daga cikin ukun ba. Rolling Stones sun warware su, amma ta hanyar da ba kowa zai so ba.

Kafin mu shiga labarinsu, ya kamata ka lura da yadda tsarin ƙungiyar rok ya bambanta da wanda muka gada. A wurin makaɗa irin su Alhaji Mamman Shata ko Alhaji Musa Ɗankwairo, akwai uban kiɗi, akwai makaɗa da 'yan amshi a bayansa. Sunan nasa ne, kyauta a hannunsa take faɗawa, shi yake rabawa, kuma in wani ya yi fushi ya tafi sai a maye gurbinsa waƙa ta ci gaba. Ko a Amurka, Elvis Presley haka yake, tauraro ɗaya da masu kiɗa a bayansa. Ƙungiyoyin da suka taso a Ingila a farkon shekarun 1960 sun zo da wani abu dabam: samari huɗu ko biyar, tsaran juna, ba uba ba ubangida, suna ɗaya da kowa yake ganin nasa ne. A hoto da kan dandamali daidai suke, amma a wajen aiki da samu ba daidai suke ba, kuma daga wannan giɓi yawancin fitina take tasowa.

Inda kuɗin waƙa yake fitowa

Kowace waƙa da aka naɗa tana ɗauke da haƙƙi biyu. Akwai haƙƙin wanda ya tsara ta, wato mai baitoci da karin murya, akwai kuma haƙƙin naɗin da aka yi a sutudiyo, wanda galibi kamfanin faifai ne yake mallaka ya riƙa bai wa ƙungiya ɗan kaso. Bayan waɗannan sai kuɗin wasa a gaban jama'a. Wanda sunansa yake kan waƙa a matsayin mai tsarawa yana samun kuɗi duk lokacin da aka sa ta a rediyo, ko wani mawaƙi ya sake rera ta, ko aka yi amfani da ita a talla, har bayan rasuwarsa magada suna karɓa. Mai ganga ko mai jitar bas wanda bai tsara komai ba, nasa yana tsayawa ne ga cinikin faifai da kuɗin wasa. Shi ya sa bayan 'yan shekaru za ka tarar mutum biyu a ƙungiya sun yi wa sauran nisa a dukiya, alhali tare suke kwana a mota, tare suke hawa dandamali.

Ƙungiyar Queen ta ba da misali mai kyau na yadda ƙaramin abu yake zama babba. A zamanin faifan garmaho, ƙaramin faifai fuska biyu gare shi, kuma mai waƙar da ke bayan faifan yana samun kaso daidai da mai waƙar da ke gaba, ko da kuwa ba don tasa aka sayi faifan ba. A 1975, da waƙar Freddie Mercury mai suna Bohemian Rhapsody ta yi kasuwa, waƙar Roger Taylor, mai gangar ƙungiyar, ita ce a baya, ya kuwa kwashi rabonsa, abin da ya bar ƙorafi a zukatan sauran na tsawon lokaci. Sai a 1989 suka yanke shawarar cewa duk waƙar da za su fitar za a rubuta sunan Queen ne kawai a kanta, a raba kuɗin daidai.

Yadda Beatles suka zo ƙarshe

Lennon da Paul McCartney sun haɗu a Liverpool a Yulin 1957, George Harrison ya shigo a 1958, suka goge a gidajen rawa na Hamburg ta Jamus daga 1960, inda suke kiɗa na sa'o'i masu yawa kowane dare. Brian Epstein ya zama manajansu, George Martin ya ɗauke su a kamfanin EMI a 1962, a shekarar kuma Ringo Starr ya maye gurbin Pete Best a kan ganga. Da suka bayyana a talabijin ɗin Amurka a Fabrairun 1964, kimanin mutum miliyan 73 ne suka kalle su. Sai dai yarjeniyoyin da suka sa wa hannu tun suna neman suna ba su dace da wannan girma ba. Kwantiraginsu na farko ya ba su kwabo guda na tsohon kuɗin Ingila a kan kowane ƙaramin faifai, su raba su huɗu bayan manaja ya cire nasa. Kamfanin Northern Songs, wanda aka kafa a 1963 don kula da haƙƙin waƙoƙinsu, kaso mafi tsoka a cikinsa na Dick James ne, wani ɗan kasuwar haƙƙin waƙoƙi, da abokin kasuwancinsa. Bayan an sa shi a kasuwar hannun jari a 1965, Lennon da McCartney suna da kashi 15 cikin 100 kowannensu, Harrison da Starr kuwa kowannensu bai kai kashi 1 ba.

Harrison ne ya fi jin zafin wannan tsari, kuma ba ta fuskar kuɗi kaɗai ba. Ya zama gwanin tsara waƙa, amma a yawancin kundayensu waƙa ɗaya ko biyu ake ba shi fili ya sa. Shaidar yawan abin da ya tara ita ce, ƙungiyar na watsewa ya fitar da kundi mai faifai uku a Nuwamban 1970.

Abubuwa biyu suka cire abin da yake ɗaure su. Na farko, sun daina yawon wasa; na ƙarshe da aka biya kuɗin shiga shi ne na San Francisco ranar 29 ga Agustan 1966, domin ihun 'yan kallo ya kai ba sa jin abin da suke kaɗawa, ga kuma barazanar da suka fuskanta a wannan shekara. Na biyu, Epstein ya rasu a Agustan 1967 yana da shekara 32. Epstein ba gwanin ciniki ba ne, amma shi ne mutum ɗaya da duk su huɗun suka yarda ya yanke hukunci. Da ya kau, McCartney ya ɗauki jan ragamar aiki, sauran kuma suka ga kamar tsaransu ya mai da kansa shugaba ba tare da an naɗa shi ba. Suka kafa nasu kamfani mai suna Apple a 1968 (ba na wayoyi ba), kuɗi suka riƙa zurarewa ba lissafi. Starr ya yi fushi ya fita na ɗan lokaci a Agustan 1968, Harrison ma ya yi haka a Janairun 1969.

Sai maganar wanda zai gyara lissafin ta taso. Lennon da Harrison da Starr suka zaɓi Allen Klein, wani ɗan kasuwa daga New York, McCartney kuwa ya nace a kan Lee Eastman, lauya kuma surukinsa. Uku suka rinjayi ɗaya, ɗayan ya ƙi sa hannu. Suna cikin wannan ja-in-ja a 1969, Dick James ya sayar da kasonsa na Northern Songs ga kamfanin ATV ba tare da ya sanar da su ba, suka rasa iko da waƙoƙin da suka tsara da hannunsu. Sashen waƙoƙi na wannan kamfani na ATV ne mawaƙi Michael Jackson ya saya a 1985 a kan dala miliyan 47 da rabi. Lennon ya gaya wa sauran zai tafi a Satumban 1969, labari ya fito fili ta bakin McCartney a Afrilun 1970, kuma ranar ƙarshe ta wannan shekara McCartney ya kai sauran ukun kotu yana neman a rushe haɗin gwiwarsu, domin a dokance ita ce hanyar da zai raba dukiyarsa da Klein. Su ukun ma sun rabu da Klein a 1973, shari'a ta biyo baya. Lokacin da labarin watsewar ya fito, babu ko ɗayansu da ya cika shekara 30.

Game da Yoko Ono, matar Lennon da ka tambaya a kanta, gaskiya ne daga 1968 ta riƙa zama da su a sutudiyo, abin da ya saɓa wa al'adarsu, kuma ya ɓata wa sauran rai. Gaskiya ne kuma hankalin Lennon ya koma kan aikin da yake yi da ita. Amma ka duba jerin shekarun da na kawo: sun daina yawon wasa kafin Lennon ya haɗu da ita a Nuwamban 1966, ba ita ta rubuta kwantiragin Northern Songs ba, kuma ƙorafin Harrison ya girmi zuwanta. McCartney da kansa ya faɗa a wata hira a 2012 cewa ba ita ta raba su ba. A ganina labarin ya samu karɓuwa ne saboda ɗora laifi a kan baƙuwar mace ya fi sauƙin bayani a kan hannun jari da takardun lauyoyi.

Abin da Rolling Stones suka yi dabam

Rolling Stones sun yi wasansu na farko a Landan a Yulin 1962, kuma Brian Jones ne ya kafa su. Manajansu Andrew Oldham ya matsa wa Mick Jagger da Keith Richards su fara tsara waƙa, daga nan iko da kuɗi suka koma hannun su biyun. Tun a 1963 aka cire Ian Stewart, mai fiyano, daga jerin 'yan ƙungiya saboda manaja yana ganin kamanninsa ba su dace ba. Ya zauna yana yi musu kiɗa da hidimar tafiya har ya rasu a 1985. Jones kansa an sallame shi a Yunin 1969 bayan ƙwaya ta hana shi aiki, ya rasu ba a yi wata guda ba. Mick Taylor da ya gaje shi ya tafi a 1974, cikin ƙorafinsa har da rashin sa sunansa a waƙoƙin da yake ganin da hannunsa a ciki. Ronnie Wood ya shigo a 1975, ya shafe fiye da shekara goma yana karɓar albashi kafin a ba shi kaso. Bill Wyman, mai jitar bas, ya bari a 1993, kuma wanda yake kaɗa musu bas tun daga lokacin ba a ɗauke shi cikakken ɗan ƙungiya ba. Ka ga ke nan daga cikin waɗanda suka fara, Jagger da Richards kaɗai suka rage bayan rasuwar mai gangarsu Charlie Watts a 2021.

Su ma sun sha wuya a hannun Klein ɗin nan dai, domin da suka rabu da shi a 1970 kamfaninsa ya riƙe haƙƙin waƙoƙin da suka naɗa a shekarun 1960. Bambancin shi ne tare suka tashi suka fuskance shi, bai raba kansu ba. Jagger, wanda ya taɓa karatu a makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan, ya kawo wani ma'aikacin banki, Rupert Loewenstein, wanda ya kula da dukiyarsu kusan shekara 40. Shi ya gano bashin haraji ya yi musu katutu a lokacin da harajin masu babban samu a Birtaniya yake haura kashi 90 cikin 100, ya ba su shawarar komawa Faransa a 1971. Suka kafa kamfanin faifai nasu, suka mallaki tambarin harshe da leɓe da aka san su da shi.

Wannan bai hana su faɗa ba. A tsakiyar shekarun 1980, da Jagger ya fitar da kundin kansa, shi da Richards sun riƙa zagin juna a jaridu, kuma daga 1982 zuwa 1989 ba su yi yawon wasa ba. Abin da ya dawo da su shi ne kowannensu ya gwada shi kaɗai ya ga jama'ar da sunan Rolling Stones yake tarawa ba ta taruwa ga sunansa, ga kuma tsarin kasuwanci a shirye yana jiran su. Sun fitar da sabon kundi a 2023, suka zagaya Amurka a 2024. Sai dai kada ka ɗauki daɗewa a matsayin ma'aunin daraja. Beatles sun naɗa waƙoƙi sama da 200 cikin shekara takwas, suka sauya yadda ake aikin sutudiyo, kuma ni ina cikin masu ganin mafi kyawun aikin Stones ya tsaya ne tsakanin 1968 da 1972.

Ba waɗannan hanyoyi biyu kaɗai ake da su ba. U2, da aka kafa a Dublin a 1976, tun farko suka amince su raba samu daidai, kuma mutum huɗun da suka fitar da kundin farko su ne har yanzu. R.E.M. ta Amurka ma sunan kowa suke sawa a kan kowace waƙa. A ɗaya gefen, The Smiths ta Manchester ba su rubuta komai ba. Mutum biyu suna ɗaukar kashi 40 kowannensu na kuɗin faifai da wasa, biyu suna samun kashi 10, sai a 1996, shekara tara bayan sun watse, kotu ta yanke wa mai gangarsu Mike Joyce kashi 25, domin dokar Ingila tana ɗaukar abokan haɗin gwiwa daidai suke matuƙar ba a nuna sun amince da akasin haka ba. Pink Floyd kuwa a kan suna suka yi tasu shari'ar: Roger Waters ya fita a 1985 yana zaton ƙungiyar ta mutu da fitarsa, David Gilmour da Nick Mason suka ci gaba da sunan, aka yi ta fafatawa har suka sasanta a ƙarshen 1987.

Bayanin da na yi yana da iyaka, kuma ya kamata in faɗa. Led Zeppelin ba su da matsalar kuɗi, domin manajansu Peter Grant ya tilasta wa masu shirya wasa su ba ƙungiyar kaso mafi girma na kuɗin ƙofa, amma da mai gangarsu John Bonham ya rasu a Satumban 1980 sai sauran suka ga ba za su iya ci gaba da wani mai ganga ba, suka rufe. 'Yan'uwan nan biyu na Oasis, Noel da Liam Gallagher, halinsu ne bai jitu ba, suka rabu a 2009 suka dawo a 2025. R.E.M. da rabonsu na adalci ma sun ajiye aiki a 2011, illa dai sun yi haka ba tare da kotu ba. Takarda ba ta hana gajiya, ko shaye-shaye, ko mutum ya ga ya girmi abin da ya fara yana yaro.

Ku da ƙungiyarku

A ƙungiyoyin matasa da na zauna da su, lokacin da babu kuɗi ba a samun rigima. Tana zuwa ne ranar da waƙa ɗaya ta karɓu, aka fara kiran mai rerawa shi kaɗai zuwa biki da sunan ƙungiya, ko aka ga kuɗin YouTube suna shiga asusun mutum ɗaya saboda da lambar wayarsa aka buɗe shafin. Na ga ƙungiyar da ta rabu a kan haka, kuma da na tambaye su abin da suka amince a kai tun farko, kowa ya kawo nasa labarin, dukansu kuma da gaskiyarsu, domin ba a taɓa zama an faɗa a fili ba. Don haka lokacin yin wannan zama shi ne yanzu da kuke jin nauyin ambaton kuɗi saboda babu su.

Idan dukanku kuna sa hannu a tsara waƙa, rabo daidai irin na U2 ya fi kwanciyar hankali, kodayake wanda ya fi kowa kawo waƙa zai iya jin an ci da guminsa bayan wasu shekaru, kuma gara ya faɗi haka yau. Idan mutum ɗaya ne yake kawo baitoci da kari, abin da na fi ba da shawara shi ne ya riƙe kaso mafi girma na haƙƙin tsarawa, ya ware wa sauran wani abu sananne saboda gyaran da suke yi wa waƙar, kuɗin wasa kuma a raba daidai. In kuwa gaskiyar lamarin ita ce mutum ɗaya ne jagora sauran masu taya shi ne, babu aibi a faɗi haka a yanka musu ladan kowane wasa. Abin da yake jawo ƙiyayya shi ne a kira mutum abokin tarayya a baki, a biya shi kamar ɗan aiki.

Kasancewarku huɗu yana nufin za ku iya rabuwa biyu da biyu, saboda haka ku amince da wani babba da duk kuka yarda da shi wanda zai raba gardama, kuma kada ya zama ɗan'uwan ɗayanku, don kada ku faɗa irin abin da ya faru tsakanin McCartney da sauran a kan surukinsa. Ku rubuta wanda zai ci gaba da sunan ƙungiya idan wani ya fita, da abin da mai fita zai ci gaba da karɓa daga waƙoƙin da aka naɗa da shi. Ni ba lauya ba ne, kuma shari'o'in da na ambata a ƙarƙashin dokar Ingila aka yi su. A Nijeriya akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da hukumar da ke kula da ita, don haka ku nuna wa lauya takardarku kafin ku sa hannu, musamman idan wani kamfani ko mai ɗaukar nauyi ya shigo. Duk lokacin da kuka shiga sutudiyo kuma, ku yi magana da mai shi kafin a fara naɗi a kan wanda ya mallaki kiɗan da ya haɗa muku da ainihin fayil ɗin aikin, ku karɓi kwafinku ranar da kuka biya, a ajiye shi inda duk ku huɗun kuke iya kaiwa gare shi.